Wa Zai Biya Malamin Turanci Aikin Dare?

Dab da komawa makaranta a watan Satumban 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ta gama gyaran manhajar firamare da sakandare, kuma a shekarar karatu ta 2025/2026 za a fara aiki da ita. An rage yawan darussa: 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare za su ɗauki 9 zuwa 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, 'yan babbar sakandare 8 zuwa 9. Ba a cika wata uku ba, cikin Nuwamba, ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya tsaya a wani taro a Abuja ya ce an soke tsarin koyarwa da harshen uwa da gwamnatin Buhari ta amince da shi a 2022, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. An sha muhawara a rediyo da jaridu kan waɗannan matakai biyu, wasu na yabo, wasu na suka. Abin da aka tsallake shi ne tambayar da ko leburan gini zai fara yi idan aka ce masa an sauya fasalin gidan da yake ginawa: aikin da ya ƙaru, wa zai yi shi, a wane lokaci, kuma nawa ne ladansa?

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk lokacin da hukuma ta sauya manhaja, wajibi ne ta lissafa sa'o'in aikin da sauyin zai jawo wa malami, ta sa kuɗinsu a kasafi kamar yadda take sa kuɗin buga littattafai da na tarukan ƙaddamarwa. Kuma idan aka yi lissafin da gaskiya, za a tarar malamin Turanci, musamman a Arewa, shi ne ya fi kowa ɗaukar kaya a wannan karon, alhali albashinsa bai motsa ba ko da sisin kwabo saboda sauyin.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin malamai ba yakan ɗauka sauya manhaja magana ce ta cire wannan takarda a saka waccan. A hannun malami abin ya wuce haka nesa. Manhajar da hukumar NERDC ke fitarwa daga Sheda jerin manufofi ne da batutuwa. Malami ne zai yanka ta mako-mako ta zama jadawalin zango, ya sake rubuta shirin kowane darasi da hannunsa, ya kai wa shugaban sashe ko mataimakin firinsifal ya sa hannu, ya nemo labaran da za a karanta don auna fahimta, ya tsara sababbin tambayoyin gwaji. Littafin shirin darasin da ya shekara biyar yana gyarawa har ya nuna, yanzu rabinsa ya tashi aiki. Tunda kuma an tsara sabuwar manhajar ta fara daga ajin farko na kowane mataki, wato firamare ɗaya da huɗu da ajin farko na ƙaramar sakandare da na babba, malamin da ke shiga aji ɗaya da aji biyu yana tafiyar da manhaja biyu ne a lokaci guda, sabuwa da safe, tsohuwa bayan tara, kuma haka zai yi ta yi har tsofaffin ɗalibai su fita. Sanarwar ta zo ne makarantu na shirin buɗewa, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin littattafan da suka dace da sabon tsari su iso ƙauye, malami ne littafin. Shi zai sayi data ya sauko da manhajar a wayarsa, shi zai biya mai hoton takarda a bakin titi, shi zai cika allo da rubutu yara su kwafa domin ba su da abin karantawa. Idan kuma shi ke koyar da Adabin Turanci, kamar yadda ake haɗa wa malamin Turanci a makarantu da dama, to ga wani kayan: hukumar jarrabawa ta WAEC na sauya jerin littattafan adabi duk shekara biyar, kuma sabon jerin na 2026 zuwa 2030 ya faɗo ne a daidai wannan tsakani. Dole ya saye su, ya karance su, ya fitar da jigo da salo da taurari kafin ya tsaya gaban aji.

Wannan duk aikin shiri ne, kuma kowane malami na da rabonsa a ciki. Inda malamin Turanci ya bambanta shi ne wajen duba aiki. Ba a koyon rubutu sai da yin rubutu, kuma rubutun da ba a gyara ba yaro maimaita kuskurensa kawai yake yi har ya zame masa jiki. A jarrabawar WAEC ana buƙatar ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalmomi kusan 450, sannan ya amsa tambayoyin auna fahimta da na taƙaitawa, ga nahawu, ga gwajin furuci. Shi insha'in nan ta fuska huɗu ake duba shi: abin da ya ƙunsa, yadda aka tsara shi, yadda aka sarrafa harshe, da ingancin rubutu, inda kowane kuskuren harafi ko aya ko nahawu ke cin rabin maki. Malamin da ke son yaransa su haye dole ya saba musu da wannan ma'auni tun daga aji ɗaya, ma'ana ya bi kowane layi da jan biro. A ɗauka malami na da aji huɗu, kowane aji yara 80, adadin da babu wanda ya san makarantun gwamnati a Kano ko Zariya ko Sakkwato da zai ce an yi ƙari. Littattafai 320 ke nan. Idan ya ba kowanne minti biyar kacal, minti 1,600 ne, kusan sa'a 27, a kan insha'i ɗaya tak. Kwana uku da wani abu na cikakken aikin ofis ke nan, kuma babu gurbinsu ko ɗaya a jadawalin makaranta. Alhali Manufar Ilimi ta Ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare.

To ina sa'o'in nan 27 suke fitowa? Daga gidan malami suke fitowa. Littattafan ne ake gani an ɗaure da tsohuwar roba a bayan babur, ko an cusa a buhun leda an rungumo a adaidaita. Bayan sallar isha'i, iyali sun kwanta, sai a shimfiɗa tabarma a kunna fitila mai caji. Ya buɗe na farko, ya ga yaro ya sa harafin f inda p ya kamata, domin kunnen Bahaushe bai saba raba su ba. Ya ga an cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu kamar yadda bakinmu ke yi. Ya ga jimla ta taho layi shida babu aya. Ya ga an ɗauko zancen Hausa ɗungurungum an sa masa rigar Turanci. Kowanne sai ya ja layi, ya rubuta daidai a sama, wani lokaci ya ƙara 'yar magana a ƙasa don kada yaron ya karaya. Idan malama ce, wannan zama yana zuwa ne bayan girki da wanke-wanke da kwantar da yara. Ba kowa ke jurewa ba, kuma gaskiya ce a faɗa: malamai da yawa sun daina ba da insha'i sai sau ɗaya a zango, wasu sai dai su sa alamar an gani su wuce. Mai neman laifi zai kira wannan lalaci. Ni abin da nake gani shi ne tsarin da ya ɗora aikin kwana uku a kan lokacin da bai saya ba, sannan yake mamakin aikin bai yiwu ba.

Soke koyarwa da harshen uwa ya ninka wannan nauyi. Ina cikin masu ganin matakin kuskure ne, domin yaron da ya fara karatu da harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin kama na biyu, amma wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sakamakonsa a aji. Yaron da ya taso a Ɗanbatta ko Gumel ko Illela, wanda bai jin Turanci a gida ko a kasuwa ko a masallaci, yanzu ana so ya fahimci lissafi da kimiyya da tarihi cikin Turanci tun ranar farko. Idan bai gane ba, malamin kimiyya zai ce yaran nan ba su jin Turanci, firinsifal zai ce haka, jami'in sa ido daga ma'aikata zai rubuta haka, kuma duk idanu za su koma kan mutum ɗaya. Shi za a ce ya buɗe darasin yamma, ya kafa ƙungiyar muhawara, ya shirya yara gasar rubutu da ta kacici-kacici, ya riƙa tsayawa a taron safe yana gyara furuci. Shi ne dai mai rubuta wa makaranta wasiƙa, mai gyara jawabin ranar raba kyaututtuka, mai ɗaukar bayanin taron iyaye da malamai. A firamare kuwa, inda sau da yawa malami ɗaya ke riƙe da aji gaba ɗaya, umarnin ya mayar da kowane malamin aji malamin Turanci, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Gwamnati da kanta ta nuna matsayin da ta ba wannan darasi. A watan Oktoban 2025, da ta sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu, ta ɗauke wa masu karatun fannin adabi da makamantansa wajabcin samun kiredit a lissafi, amma ta bar Turanci a kan kowa. Ƙofa ɗaya ke nan da duk ɗan Najeriya mai neman digiri sai ya bi ta cikinta. Kuma mun ga abin da ke faruwa idan ƙofar ta cije. A watan Mayun 2025 jarrabawar Turanci ta WAEC ta yi jinkirin da ya sa ɗalibai a cibiyoyi da dama suka rubuta ta cikin dare da hasken tocila da na waya, malamansu na tsaye a kansu. Da sakamako ya fito a watan Agusta aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ta nemi afuwa, ta ce an yi kuskure wajen makin ɗaya daga takardun Turanci, adadin ya koma 62.96. A 'yan kwanakin da ke tsakani, malaman Turanci ne suka sha tambaya daga iyaye da masu makarantu kan laifin da ba nasu ba. Idan sakamako ya yi kyau, kwamishina ne ke kiran 'yan jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da malamin lissafi da na kimiyya za su ce, kuma suna da hujja: mu ma manhajarmu ta sauya, mu ma muna duba aiki, don me za a ware mutum ɗaya? Fifita darasi a kan darasi zai raba kan ɗakin malamai, ya kuma ƙara wa Turanci wata daraja a kan Hausa da Larabci da sauran harsunanmu, abin da ba na fata ko kaɗan. Shi ya sa ba alawus mai sunan Turanci nake nema ba. A auna aikin, a biya abin da awo ya nuna: yawan ɗaliban da malami ke ɗauke da su sama da ƙa'ida, yawan rubutun da ya duba, sa'o'in da ya yi a bita da darasin yamma, da yawan azuzuwan da ya sake wa shiri saboda sabuwar manhaja. Malamin Hausa da ke duba insha'in yara 300 ya shiga, malamin tarihi da aka dawo da darasinsa ya fara daga tushe shi ma ya shiga. Idan malamin Turanci ya fi samu a ƙarƙashin wannan awo, to don darasinsa wajibi ne a kan kowane yaro a kowane aji, kuma amsarsa ba a duba ta da kallo ɗaya.

Biyan irin wannan aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. WAEC da NECO suna ɗaukar waɗannan malamai dai su yi musu makin jarrabawa, kuma gwargwadon takardun da mutum ya duba ake biyansa, ko da yake malamai sun daɗe suna kukan kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ashe an yarda duba insha'i aiki ne mai farashi idan na hukumar jarrabawa ne. Yaya zai zama kyauta idan na aji ne, alhali na ajin ne ke koya wa yaro abin da za a auna? A jami'o'i, yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar ASUU ta 2009 ta tanadi alawus na aikin da ya wuce ƙima da na duba ɗaliban bincike. A duniya kuma, shawarwarin da UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da su ranar 5 ga Oktoban 1966, ranar da muke bikinta duk shekara a matsayin Ranar Malamai, sun nemi a yi la'akari da yawan ɗalibai da lokacin shirya darasi da na duba aiki wajen ƙayyade sa'o'in malami, kuma a ƙara masa kuɗi idan darussansa suka haura ƙa'ida. A Ingila tun 2005 doka ta ba malami aƙalla kashi 10 cikin ɗari na lokacin koyarwarsa don shiri da duba aiki, a cikin sa'o'in makaranta. Biya da lokaci ke nan maimakon kuɗi, kuma hanya ce da mu ma za mu iya bi inda aka sami isassun malamai.

Akwai masu cewa koyarwa ibada ce, ladan malami yana lahira, kuma ai yana tashi ƙarfe biyu ga dogon hutu. Lada na wurin Allah, babu mai ja, amma addininmu bai taɓa sa shi ya zama dalilin danne haƙƙin ma'aikaci ba, umarni ma ya yi da gaggauta biya. Ko malamin allo al'ada ta yanka masa kuɗin Laraba da sadakar sauka. Batun tashi ƙarfe biyu kuwa, lissafin sa'a 27 da ke sama ya amsa shi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa malaman da yawa ba su iya Turancin ba, don haka ƙarin kuɗi zuba ruwa ne a rariya. Sukan tuna da Kaduna a 2017, inda malaman firamare 21,780 suka faɗi gwajin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi musu aka sallame su. Matsalar ƙwarewa gaskiya ce, ɓoye ta cutar yara ne. Sai dai a tambaya: ina waɗanda suka iya suke tafiya? Wanda ya ƙware a Turanci yana da kasuwa. Banki na nemansa, ƙungiyoyin agaji na nemansa, gidan rediyo da makarantar kuɗi mai tsada na nemansa. Tsarin da ke biyan mai duba littafi 320 daidai da wanda bai buɗe ko ɗaya ba, korar na kirkin yake yi a hankali, ya bar wanda ba shi da wurin zuwa. Biya gwargwadon aikin da aka gani da ido shi ne abu na farko da zai bambanta su. Kuma malamin da ke da rauni, bita ce maganinsa, bita ta gaske mai ɗaukar makonni, wadda ba zai iya zama ya yi ba idan yammacinsa na kan kabu-kabu ko tireda don cike giɓin albashi.

Saura maganar babu kuɗi, wadda malamai suka fi kowa sanin amonta. A 2008, bayan dogon yajin aikin ƙungiyar malamai ta NUT, gwamnoni sun amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari na musamman ga malamai, aka shafe shekaru ana bin wasu jihohi su biya. Ranar Malamai ta 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, amma tsarin albashin kuwa malamai suka yi ta jira. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun fi wata uku suna yajin aiki kafin a saurare su kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun Yulin 2024. Mai hankali zai ce, wanda bai biya uwar kuɗi ba, ina zai biya ƙari? A fara da albashi tukuna. Na yarda albashi ne gaba, amma ban yarda a jingine wannan sai an gama wancan ba, domin abubuwa biyu ne daban. Albashi ladan aikin da aka ɗauki mutum a kansa ne. Wannan kuwa sabon aiki ne da hukuma ta ƙirƙiro da sa hannunta, a ranar da ta sani, ga azuzuwan da ta sani, don haka ana iya ƙididdige shi tun kafin a sanar. Akwai ma inda za a fara ɗebowa: dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar asusun tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma a cikinsa akwai kason horar da malamai da na kayan koyarwa. Kuɗin da ke ƙarewa a ɗakunan taron otal da jakunkunan rabo ya fi amfani a hannun wanda ya zauna ya sake rubuta darasi 60. Idan kuma gwamnati ta lissafa ta ga ba za ta iya biyan aikin da sauyi zai jawo ba, to ta jinkirta sauyin, ko ta yi shi aji-aji daidai ƙarfinta.

Tsoron cewa za a mayar da alawus ɗin wata kafar cuwa-cuwa, a riƙa rubuta sa'o'in ƙarya, tsoro ne mai tushe a ƙasar da ta san malaman bogi. Amma aikin malamin Turanci na cikin mafi sauƙin tantancewa, domin shaidarsa na cikin jakar kowane yaro. Jami'in sa ido ya shiga aji ba sanarwa, ya ɗauki littafi goma, ya ƙirga insha'in da aka bayar da waɗanda aka gyara. Rajistar aji na nuna yawan yara, jadawali na nuna yawan darussa. A biya ta asusun malami kai tsaye a ƙarshen kowane zango, kada kuɗin ya bi ta hannun kowa. Makarantun kuɗi ma kada a bar su a baya, domin a can ne ake karɓar kuɗin darasin yamma daga iyaye a ba malami abin da bai kai kuɗin mota ba. Jihar da ke ba su lasisi na da ikon sa musu sharaɗi.

Tarayya ce ke sauya manhaja, amma jihohi da ƙananan hukumomi ke biyan mafi yawan malamai, kuma ta wannan tsaga ce haƙƙin ke zubewa, kowa na nuna ɗan'uwansa. Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinonin jihohi duka, ita ta amince da komawa Turanci a taronta na Akure, don haka ita ya kamata ta ɗauki wannan batu a zamanta na gaba, ta kafa ƙa'ida cewa babu manhajar da za ta fara aiki sai da lissafin sa'o'in malami da kuɗinsu a maƙale da ita. Ina kira ga ƙungiyar NUT ta kai wannan lissafi teburin a rubuce, aji-aji, jiha-jiha. Gwamnonin Arewa kuma, waɗanda yaransu ne wannan sauyi ya fi shafa, kada su jira Abuja: su sa alawus ɗin duba aiki da na bita a kasafin ilimi na shekara mai zuwa, su fara biya daga zangon farko.